Ƙwaryar Iya a Kafaɗa

Wata Asabar ce, a farkon daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, muka shiga daji tsintar kaɗanya ni da kakata, Iya Gambo. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ga ni da bakin tsiya, abin da ido ya gani sai na furta. Da ƙwarya ta cika, Iya ta waiga ta ga ba kowa, sai ta ajiye gammo ta ɗora ƙwaryar a kafaɗa, ta kama hanya tana wata waƙa da ba ta Hausa ba. A Birnin Gwari kowa ya san matan Gbagyi ne ke ɗaukar kaya haka. Na tuntsire da dariya na ce, "Iya, yaushe kika zama Bagwariya?" Ba ta rama tsokanar ba yadda ta saba. Ta ce, "Tun kafin a haifi ubanki."

A gindin kaɗanyar nan ta faɗa mini abin da ta daɗe tana ɓoyewa don gudun gori. Wata shekarar yunwa uwarta ta rasu, aka ba wani falke riƙonta, ya kawo ta gari. Sunan ƙauyensu ya ɓace mata, yaren ma haka. Ba abin da take tunawa sai waƙar da uwarta ke yi wajen niƙa, da ƙanenta da ta bari yana rarrafe. "Ina so in san ko yana raye kafin a kai ni makwancina," in ji ta.

Ai kuwa ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na haddace waƙar tsaf, na yage tsakiyar littafin lissafi na rubuta ta, na sha bulala a makaranta ban ji zafi ba. Duk ranar kasuwa sai in bar ƙawayena da carafkensu, in bi layin Gbagyi masu doya da tukwane, in durƙusa in gaishe su, in rera. Wasu su yi dariya har da riƙe ciki don na karya musu yare, wasu su ba ni gyaɗa su sallame ni. Inna ta gaji da ganin randa ba ruwa, ta ce in je dangin kakar tawa su ba ni tuwo. Ni dai na riƙe cewa "mai nema yana tare da samu."

A kasuwa ta bakwai wata tsohuwa mai tukwane daga wajen Kuyello ta damƙe hannuna tun ban kai rabi ba, ta ƙarasa waƙar da bakinta. Ashe sunayen kakannin gida guda ake jerawa a ciki, kuma ta san gidan. Na zuba da gudu sai wurin Iya, takalmina ɗaya ma a kasuwa ya kwana.

Bayan girbi Baba ya sa mu a akori-kura, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin karan dawa zuwa gidan da mai tukwanen ta kwatanta. Muka iske wani dattijo, Bulus, a kan tsani yana gyaran rumbu. Iya ta kasa ko sallama, sai ni na ja waƙar. Dattijon ya sauko a hankali, ya ƙura mata ido. "An ce ina da yaya da aka kai birni," in ji shi. "Ba falken da ban tambaya ba." Tsofaffi biyu suna kuka suna dariya, ni kuwa murna kamar ta kashe ni. A wurin na zauna na rubuta sunaye bakwai da ya fassara mini daga waƙar.

Ya cika mata ƙwarya da doya. Da muka sauka a tashar gari na miƙa mata gammonta na tsumma, ta ce, "Riƙe abinki." Ta ɗora ƙwaryar a kafaɗa, ta ratsa tsakiyar kasuwa da rana tsaka tana gaisawa da mutane.

Tun daga ranar ban daina bin asalinmu ba, littattafai sun cika mini akwati. Sai dai hanyar da muka bi muna waƙa, yau sai da addu'a ake shigarta, kuma ina kewar dajin nan ƙwarai. Gammon Iya yana cikin akwatin, ba a sake ɗora masa kaya ba.