Notin da Dogo Bai Kwance Ba

Dogo bakanike ne, gwanin giyar mota mai canza kanta. Yawancin motocin da ake kawo masa an canza musu inji ne a wani gareji, sai giyar ta fara kuka ko fizga. Ba ya ɗaukar sifana sai ya zauna kusa da direba sun zaga, yana kasa kunne. Kafin su dawo ya san ko mai ne ya yi ƙasa, ko soket ɗin wayar giya aka manta ba a jona ba.

Amma tasa motar, tun da aka sa mata inji take ƙugi kafin ta shiga giya ta uku.

Wata rana ta fizge su a hanyar kasuwa, matarsa ta ce, "Maigida, gyaran nan ya gagare ka ne?"

"Kebul ne ya yi tsauri. Noti ɗaya zan sassauta."

"To me kake jira?"

Ƙaninsa Auta ne ya ɗora injin, gab da rasuwarsa. Dogo bai ɗauke ido daga titi ba ya ce, "Auta komai sai ya matse shi da yawa. In na kwance, wa zai sake ɗaure min haka?"