Iskar da ta shiga motar Baba

Har yau idan na bi ta kusa da injin niƙa warin man gas ya buge ni, sai gabana ya faɗi kamar an ce in ruga gida. Ba tsoron inji nake ba, mai karatu. Wata damina nake tunawa a ƙauyenmu da ke bayan Mainika, ina 'yar firamare, Inna tana da tsohon ciki.

Baba manomi ne. Da girmansa ya koyi tuƙi, bayan ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas don kai hatsi kasuwar Gwarzo da ta Kabo. Sitiyari kam ya iya riƙe shi, amma abin da ke ƙarƙashin bonet sai dai ya leƙa ya ce Allah ya kyauta. Motar kuwa 'yar ganin dama ce. Wata safiyar yana murɗa makulli za ta kama, wata safiyar ta yi ta gurnani har batir ya mutu, sai an tara samarin unguwa sun tura ta har sun jiƙe da gumi. Da ta tashi kuma shi ke nan, ta wuni lafiya lau kamar ba ita ba.

Da muna yi mata dariya. Dariyar ta ƙare ranar da Inna ta dawo daga awo a Gwarzo. An gaya mata ɗan a gicciye yake kwance, kada ta kuskura ta haihu a gida, da ta ji ciwo a kawo ta ba ɓata lokaci. Babur ba zai ɗauki mai naƙuda a hanyarmu ba, kuma duk ƙauyen babu wata mota sai tamu.

Daga nan Baba ya daina cin abincin kirki. Ya canza batir, ya canza filta, ya canza gidan man da yake sha. Akwai makanikin da ya yarda da shi a Kabo, ya yi ta kai masa ita. Amma motar munafuka ce, a gaban makaniki bugu ɗaya take tashi, sai mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai ga ciwon da zai yi wa magani ba. Baba ya dawo da yamma ya zauna a kan turmi yana kallon cikin Inna.

Wata ranar kasuwa Baffa, ƙanen Baba, ya haɗu da makanikin a Kabo, ya dawo da saƙo. A tsakar gida ya faɗe shi, Kaka tana tsince wake.

"Yaya, mutuminka ya ce ya yi ta tunani, yana zaton iska ce take shigarta idan ta kwana."

Kaka ta ture faifai. "Ai na faɗa! Wa ya taɓa kwanar da abu a gindin tsamiya ya tashi da shi lafiya?"

A gindin tsohuwar tsamiyar bayan gidanmu Baba yake ajiye motar, tsamiyar da ko aiken mu aka yi ba ma bi ta wurinta da tsakar rana. Baba ba mai yawan camfi ba ne, amma da ya zauna ya tuna sai ya ga maganar ta hau. Duk ranar da motar ta kwana a Gwarzo ko a ƙofar masallaci ba ta taɓa yi masa gardama ba. Aka karɓo rubutu aka yayyafa mata, Kaka ta turare kujerun har muna tari, aka mayar da ita ƙofar zaure. Kuma wallahi ta daina. Kullum da safe bugu ɗaya. Baba ya koma cin tuwonsa har da neman ƙari, Kaka kuwa tafiyarta ma ta canza.

Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi da la'asar, ƙofar zaure ta zama taɓo. Don kada motar ta kafe, Baba ya haura da ita kan tudun da ke wajen rumbuna, nesa da tsamiya, ya sa mata dutse a baya.

Washegari da hantsi Inna tana shara ta dafe bango. Na ga tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Aka shimfiɗa katifa a bayan mota, aka kwantar da ita, aka ɗora kanta a cinyata. Baba ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, ya sake. Samari suka tura ta, ta gangara ta nutse a taɓo. Kaka tana zagaya mu da kaskon turare tana kuka tana roƙon waɗanda ba ma gani su yi wa Allah su sake mu. Inna ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga, zanen da ke ƙarƙashinta yana jiƙewa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Rana tana ta hawa, mu muna wuri ɗaya.

Baba ya hau kan motar yana ɗaga waya sama har ya samu sabis, ya kira makanikin.

"Iskar nan ta dawo, kuma wallahi ba a gindin tsamiya ta kwana ba!"

Wayar a buɗe take, duk muka ji amsar. "Wace tsamiya kuma, Malam? Iskar da kake shaƙa nake nufi! Tiyon mai ne yake zuƙar ta. Ban ce wa ƙanenka ya gaya maka ka kawo ta ta kwana a wurina ba?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Makanikin ya ce a buɗe bonet, a sassauta wani ƙaramin noti a kan filta, a yi ta danna famfon da ke samansa har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla. Baba ya yi ta dannawa, gas yana gangarowa har gwiwar hannunsa. Aka ɗaure notin, aka ciro batirin mai injin niƙa aka haɗa. Motar ta yi tari ta kama. Maza suka ciccibe ta daga taɓo.

Mun isa Gwarzo bayan azahar. Aka shiga da Inna da gudu. Ita ta fito da rai. Ɗan namiji ne, kuma bai yi kuka ba.

Bayan kwanaki makanikin ya zo gaisuwa, ya nuna wa Baba tiyon. Wata 'yar tsaga ce da sai ka lanƙwasa shi za ka gan ta. Ya ce duk inda motar ta kwana hancinta a sama, kamar gangaren tsamiya ko tudun rumbuna, sai man ya koma tanki iska ta maye gurbinsa. Ya yanke wurin da reza ya mayar ya ɗaure, ko shayin da aka kawo masa bai huce ba ya gama. Baba ya juya mana baya, kafaɗunsa suna motsi. Ba wanda ya ɗora wa Kaka laifi, amma ta daɗe ba ta haɗa ido da Inna ba.

Yanzu an zuba wa hanyarmu tsakuwa, adaidaita sahu yana shiga har ƙofar gida, kowa da wayarsa ba ya buƙatar ɗan aike. Matan ƙauyenmu suna zuwa haihuwa Gwarzo su dawo a wuni guda, ina kuma yi musu murna har zuciyata. Inna ta tsufa, jikoki sun cika mata ɗaki. Mu shida ta raina. Amma duk baƙuwar da ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce bakwai.