Jiƙaƙƙen Yatsan Inna Mai Shinkafa

Sallar asuba kawai muka idar muka kama hanyar Kura, ni da maigida da ƙanwata. A jakata akwai amana: kuɗin da matan layinmu suka haɗa in sayo mana shinkafar azumi a inda ake yin ta. Tun dare nake ɗoki kamar yarinyar da za a kai yawon salla.

Muna fita daga hayaƙin Kano duniya ta sake launi. Jama'a, kore ne iya ganin ido, a tsakiyar rani! Ruwa na gudu a kanal, manoma sun naɗe wando suna jan shi kwami-kwami, ga kwandunan tumatir jere a bakin titi. Ƙanwata ta tambayi kuɗin kwando, da aka faɗa mata sai ta ce wallahi mai kayan miyan unguwarmu zai ji daga gare ta. Muka karya da gurasa mai ƙuli, muka bi da nono mai sanyi daga wata Bafulatana. Ni dai tasbihi nake ta yi.

Daga Kura aka kwatanta mana wani gida a hanyar Bunkure, inda mata ke turara shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a manyan tukwane, da wutar ɓuntun shinkafa. Shugabarsu dattijuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Ta damƙo shinkafa ta zuba min a tafi, fara tas, ba tsakuwa. Muka daidaita, na miƙa kuɗi.

Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Inna ta jawo ƙoƙon ruwa ta ajiye a gefenta. Kowace dubu ɗaya sai ta ɗaga ta saitin rana, ta shafa da babban yatsa, sannan ta tsoma yatsan a ruwa ta murza gefe. Na matso kamar ɗaliba. Ta ce ta gaske, in ka ɗaga, akwai hoto a ɓoye a farin wurin, da zare a cikin jikin takardar, ba a kanta aka zana ba. Rubutunta da kaushi, yatsa na jin sa. Ruwa kuma ba ya narkar da ita. Ta ba ni na gwada, na ga hoton ya fito, har na yi shewa. Maigida ya ce in bi a hankali, kada Inna ta ɗauke ni aiki.

Sai aka zo kan wata takardar. Inna ta murza, launi ya dame, takardar ta yi laushi kamar ta littafin yara. Wata ma haka.

"'Yar nan, waɗannan biyun jabu ne. Na san ba ke ba ce, da ke ce ba za ki matso ba."

Nan take na gane su. Suna da tabon mai a kusurwa. Maƙwabciyata mai awara ce ta kawo su, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Da magariba take ciniki, wani ya cuce ta a duhu. Idan aka cire su, rabonta ne zai ragu.

Ƙanwata ta raɗa min cewa a cusa su a wajen mai tumatir, ba zai lura ba. Na ce shi ma da iyali. Na ciro kuɗin da na ware don turmin atamfa na cike gurbin. Inna ta tura jabun cikin wuta da kanta, sannan ta ƙara kwano guda a kan buhu, ta ce a kai wa marayu.

Bayan la'asar muka shigo gida, mota na ƙamshin sabuwar shinkafa. Mata suka cika tsakar gida da kwanuka, kowa ta karɓi rabonta cif. Kafin su watse na kawo ƙoƙon ruwa, na ce kowa ta fito da dubunta. Aka yi ta ɗagawa sama ana ihun an ga hoto. Mai awara ta fi kowa tambaya. Ban gaya mata zancen jabun nata ba.

Tafiyar nan ta koya min cewa duba kuɗi ba zargi ba ne, kare haƙƙi ne, naka da na wanda zai karɓa bayanka. Atamfa ta jira wata sallar. Jiya da magariba na wuce ta ƙofar mai awara, na ga ƙoƙon ruwa da 'yar tocila a gefen kaskonta. Alhamdulillahi.