Jana'izar da Babu Akwati

Ni kafinta ne, ko in ce na taɓa zama kafinta, don yanzu ko ƙusa na gani a ƙasa sai dai in tsallake ta. A garinmu can bayan Jos, rabin mutanen da ke kwance a maƙabartar majami'armu ni na auna su. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, inda malamin ya sallame ni da addu'a maimakon takardar shaida. Da yatsa nake karatu, kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa.

Ciwon zuciya ne ya kai ni Greensboro, wani gari a Amurka, a shekarun da soja ke mulki a gida. 'Yata nas ce a can, mijinta kuma yana dogon karatu a jami'a. Su suka aiko aka ɗora ni a jirgi kamar buhun doya. Likita ya duba, ya ce hanyar jini ta toshe, sai an buɗe an gyara. 'Yata ta fassara mini, tana rage wa maganar kaifi, amma na ga yadda likitan ya ja yatsa a ƙirjinsa daga wuya har bakin ciki. Wanda ya tsufa yana tsaga katako ba ya neman tafinta a kan wannan. Duk da haka na ce to. Aka sa rana.

'Yata da mijinta suna sujada a wata ƙaramar majami'a ta baƙaƙen fata a East Greensboro. Ban taɓa gane komai a wa'azinsu ba sai amin, ita kuwa ina faɗarta da ƙarfi, wani lokaci a inda ba a nema ba. Akwai wani dattijo mai tsaron ƙofa, ƙato, faɗin kafaɗarsa ya kusa cika ƙofar. Duk Lahadi zai kama hannuna ya girgiza har haƙorana su yi ƙara, ya yi mini Turanci, in yi masa Hausa, mu rabu kowa yana dariya. Kafin ranar tiyatata ta zo, sai aka ce ya rasu.

Na ce lallai da ni za a je jana'izar. 'Yata ta ɗauka zumunci ne, kuma akwai zumuncin. Amma babban abin da ya ja ni, so nake in ga akwatin gawar Amurka kusa da kusa: wane katako, yaya suke haɗa kusurwa, wane fenti. Har na yi niyyar in sunkuya kamar mai addu'a in shafa murfin.

Muka shiga. A gaba akwai tebur da farin ƙyalle, da hotonsa, da furanni, da wani ɗan tulun ƙarfe da bai fi gwangwanin madarar gari ba. Na zauna ina kallon ƙofa, ina jiran a shigo da shi. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, fasto ya hau wa'azi, ba akwati. Na taɓa 'yata na tambaye ta ina gawar.

Ta yi ƙasa da murya. "Baba, ga shi can a kan tebur. Ƙona shi aka yi. Tokar ce a ciki."

Na ɗauka gobara ce ta ci shi. Ta ce a'a, a gadonsa ya rasu, akwai wurin da ake kai mutum a yi masa haka, kuma mutane da yawa suna yi. Ban sake jin komai ba har aka tashi. Idona na kan tulun, ina ta auna kafaɗun nan a raina, ina neman inda suka shiga. 

A hanyar gida duk inda na ga hayaƙi na tashi sai in kau da kai. Na fara lissafin abin da ban taɓa lissafawa ba. In aka kwantar da ni aka tsaga ban farka ba, yaya waɗannan yara za su yi da ni? Ga nisa, ga teku, ga ƙananan 'ya'ya. Na ga kaina ina komawa gida cikin jakar hannun 'yata, tsakanin turare da katin waya, a miƙa wa matata gwangwani a ce ga mijinki.

Abin da ya fi wannan tsorata ni shi ne ranar tashin matattu. Ni dai ban taɓa zama mai tsarki na a zo a gani ba. Ina shaƙar taba a ɓoye, bakina kuma ya raba faɗa kaɗan ya haɗa da yawa. Amma a zuciyata na daɗe ina ganin aikin akwati shi ne ɗan rabona a cikin aikin Allah: ina tattara masa mutanensa wuri guda, kowa da ƙashinsa cikakke, don in an busa ƙaho ya same su yadda ya ajiye. To wanda ya zama toka fa, me zai tashi? In iska ta ɗebi rabinsa?

A gidan, bayan tuwon yamma surukina yakan karanta mana wasiƙun da manzanni suka aika wa ikilisiyoyin farko, da Hausa, don ni. Jikokina suna zaune suna amsa amin da Turanci. A satin nan ya zo wurin da ake roƙo Allah ya kiyaye mutum gaba ɗayansa da tsarki, har da jikinsa, zuwa ranar da Ubangiji zai dawo. Kowa ya ji ta'aziyya. Ni kuwa sai na ji kamar an ɗora mini gungume a ƙirji. Har da jiki, in ji manzo, ga shi ni za a tsaga nawa, watakila kuma a ƙona saura.

Da ya rufe littafin na ce musu na fasa tiyatar. A sayo mini tikiti, gida zan koma in mutu inda aka san yadda ake binne mutum.

'Yata ta ce zuciyar ba lallai ta kai ni damina ba. Na ce damina ta Allah ce. Surukina, cikin ladabi, yana kallon ƙasa, ya yi mini bayani mai tsawo har da yadda kalmar take a harshen da aka fara rubuta ta. Na gode masa. Tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya, ba zan ce masa ban gane ko ɗaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na so in tuna su. Da rana kowa ya fita, ni kaɗai a gidan, in na hau matakala sai ƙirjina ya matse kamar an ɗaure da waya, in zauna in jira ko wannan ce. Ina tsoron wuƙar likita, ina tsoron in faɗi a nan kafin tikiti ya zo, ƙarshenta dai tulun ne. Ko murhun girki na daina wucewa ta gabansa. Abinci ya ƙi shiga. In na yi addu'a sai in ji kamar da silin nake magana.

Wata Asabar 'yata ta dafa shinkafa ta ce in raka ta gaisuwa wurin matar marigayin, can wajen McLeansville. Na ce ƙafata na ciwo. Ta ce a mota za mu je.

Gida ne ƙarami a bakin gona. Tsohuwar siririya ce, ta girme ni, gashinta fari fat. Muna shiga na ga tulun a kan wata kantar katako, kusa da talabijin. Na zauna na ba shi baya. Sai na ji ba zan iya ba shi baya ba, na juya kujerar. Tsohuwar tana kallona. Ta tambayi 'yata me ya ramar da ni haka, 'yar nan kuwa ta kwashe komai ta faɗa mata, ina harararta tana ci gaba.

Na yi zaton za ta yi dariya ko ta ji haushi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta yi magana a hankali, 'yata na juya mini. Ta ce su ba 'yan garin nan ba ne, aikin masaƙa ne ya kawo su daga wani ƙauye can kudu mai nisa. Yanzu da ba shi, za ta koma wurin ƙanwarta. Shi ya san haka, kuma abin da ya fi tsoro a duniya shi ne ta tafi ta bar shi kwance cikin baƙi. Shi da bakinsa ya roƙa a yi masa haka don ta iya tafiya da shi gida.

Na kalli tulun. Ashe tsoron da ke neman mayar da ni jirgi shi ne ya sa shi a tulu. Sannan na yi tambayar da ke cina. Na ce, "Mama, to ranar ƙaho fa? Me zai tashi?"

Ta ce mutanen da aka fara aika wa wasiƙun nan, ai wasunsu sarakuna sun ƙona, wasu namun daji sun cinye, wasu teku ta haɗiye. Wanda ya rubuta ya san da haka, amma bai ce musu an yi asarar kowa ba, cewa ya yi waɗanda suka riga mu ba za a bar su a baya ba. Ta ce kiyayewar nan da ake roƙo, ba mu aka ɗora wa ba, Allah aka roƙa.

"Wanda ya yi mutum da ƙasa," in ji ta, "toka ce za ta gagare shi?"

Na ce ni dai har yanzu tsoro nake ji. Ta ce ita ma, kullum safe, in ta farka ta ga gefen gadon. Ta ce ba a aika wa jarumi wasiƙar ƙarfafawa, duk wasiƙun nan matsorata irinmu aka rubuta wa, aka ce su daure su riƙe juna.

Sai ta tashi, ta ɗauko tulun, ta ɗora mini a cinya kafin in sami hanyar gudu. Ta ce in gaisa da abokina. Na riƙe. Ya fi yadda na zata nauyi nesa ba kusa ba, ƙarfen kuma da ɗumi saboda ranar da ke shigowa ta taga. Ban san abin da ake faɗa ba, sai na yi masa sannu da Hausa yadda na saba. Tsohuwar ta ɗora hannunta a kan nawa ta yi addu'a, na gane amin.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Daga baya na ce wa 'yata kada ta soke ranar tiyatar. Na ƙara da cewa amma ta yi mini alkawari.

"Baba, ba zan ƙona ka ba," ta ce, idonta na kan titi. "Amma ba don Allah zai rasa ka ba. Don Mama can gida za ta kashe ni ne."

Tsoron bai tafi ba. Da safen da aka tura ni a gado mai taya, ina kallon fitilun silin suna wucewa. Matan majami'ar sun zo sun jeru a baranda suna waƙa ƙasa-ƙasa, tsohuwar ta kama babban yatsan ƙafata ta cikin bargo ta bi gadon har ƙofar da ba a wucewa. Aka sa mini wani abu a hanci, aka ce in ja numfashi.

Da na buɗe ido akwai roba a maƙogwarona, ƙirjina kamar an faka mota a kai, ga ƙishi irin wanda ban taɓa ji ba. Fuskar 'yata na sama da ni, ido ya kumbura. Da aka zare robar, wata nas ta sa mini ɗan guntun ƙanƙara a baki. Na tsotse shi tas, na ɗaga yatsa na nemi ƙari.