Lambobin Tagulla na Dattijon Balsall Heath

Shekarar da na zo Birmingham karatu na bar iyalina a Kano, na kama ɗaki a Balsall Heath, a gidan wani dattijo Bahaushen Ghana. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a Manchester. Mu biyu ne a gidan, kowa da tukunyarsa.

Wata Asabar na same shi a falo yana goge wasu 'yan tagulla masu kama da kwabo, kowanne da huji da lamba.

"Baba, kuɗin da ne?"

"A'a, shaidar zuwa aiki ce."

Ya ce a da, ma'aikaci in ya iso masana'anta da safe, sai ya cire lambarsa daga allo ya jefa a akwati. Lokaci na cika a rufe akwatin. Wanda tasa ta rage a allo, an san bai zo ba. Shi ma ya tarar da ƙarshen abin a wani kamfanin ƙera kusoshi. Da kamfanin ya rufe ya riƙe tasa, daga nan ya shiga bin kasuwannin tsofaffin kaya yana sayen na wasu.

Na soma raka shi. Ba sha'awa ta kai ni ba, kaɗaici ne. A jami'a sai in wuni ban yi Hausa da kowa ba. Yakan karanta sunan kamfani a jikin tagulla, ya gaya mini abin da suke ƙerawa da inda gininsu yake. Yawanci yanzu wurin ajiye motoci ne.

Ana nan sai ya samu shanyewar ɓarin jiki. 'Yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta a unguwar Gorton ta Manchester, gwangwanin da yake tara lambobin a ciki ya rage a falo. Na hau jirgin ƙasa na kai masa.

'Yar tasa ta dubi gwangwanin ta ce mini, "Yaya, wallahi ba mu da space. Ga yara, kar su haɗiye."

Baba yana zaune bakin taga, magana ba ta fita sosai. Ya daɗe yana juya su da hannun hagu, sannan ya rufe ya turo mini. Na ce zan ajiye masa har ya warke. Ya girgiza kai.

Da na fito na bi ta kasuwar Gorton, don ban so komawa gidan da wuri ba. A teburin wata tsohuwar Baturiya na ga lambar wata masaƙa, na saya. Ita ce ta farko da na zaɓa da kaina. Tsohuwar ta ce mahaifiyarta a can ta yi aiki har ƙarar injina ta kashe mata kunne. Ta yi ta ba ni labari tana naɗe kayanta, ni kuma na tsaya da gwangwani a hammata ina saurare, har jirgin da na yi niyyar hawa ya wuce.