Ba Aljani Ba Ne, Inji Goggo

Ina zaune gaban daktora a wani asibiti da ke unguwar Shisha, bakina ya mutu. Mace aka haife ni, amma tun tasowata namiji na san kaina. Ta ina zan fara?

Sai Goggona, wadda ta yi shekaru tana kai ni ruƙiyya, ta gyara zama.

"Daktora, zamzam an sha, tofi an yi. Wallahi ba aljani ba ne. Ki tura shi wurin wanda ya sani."

Daktora ta daɗe tana kallona, sannan ta rubuta mini takardar ganin ƙwararren likita a Jidda.

A tasi, fitilun hanyar cikin dutse suna wucewa kamar a mafarki. Goggo ta yi barci a kafaɗata.

Ku fa, wa ya tsaya muku ranar da kuka kasa magana?