Duwatsun da Mato Ya Tono a Saji

Shekara arba'in Mato yana haƙa a Saji: rijiya, masai, harsashin gini, ba ya zaɓe. Abin dariya, mutumin da ke wuni cikin laka ya fi kowa ƙyama. Ko ruwa ba ya sha sai ya leƙa kwanon. Amma ƙasa kam ya san ta kamar yunwar cikinsa.

Ana gab da faɗuwar damina, suna haƙa harsashin wani sito a bayan gari, digarsa ta daki abu. Ya sa hannu ya tono dutsen niƙa da cikinsa ya lotsa don aiki, da tsingaro mai ƙonannen gero, da baƙaƙen duwatsu uku masu santsi da kaifin baki.

"Gatarin aradu!" in ji Badamasi, shugaban leburori, yana ja da baya.

"Aradu tana niƙa gero?" Mato ya ce. "Mutum ne ya wasa wannan, ya sare daji ya yi gona, matarsa ta niƙa a nan."

Lotsawar dutsen nan irin ta dutsen mahaifiyarsa ce sak, shi ya sa abin ya shiga ransa. So yake wani masani ya gaya masa su wa suka riga kakanninsa noma wannan ƙasa. Rahma, 'yar ƙanensa, ta tura hoto ga wata malamar jami'a a Kano. Malamar ta ce tana tafe ran Alhamis, kada a taɓa komai. Mato ya rufe kayan da buhu, ya ba Badamasi amana, ya tafi Kibiya ƙarasa wata rijiya.

Kafin ya dawo, zance ya zaga gari wai wanda ya sha garin gatarin aradu, tsawa ba ta faɗa masa. Badamasin da ya ja da baya shi ya zama mai rabon magani.

Ran Alhamis Mato ya sa wankakkiyar riga ya yi wa malamar jagora, ya ɗaga buhu. An farfasa gaturan da guduma, an niƙe su a kan tsohon dutsen har shi ma ya rabe biyu. Tsingaron an tattake shi.

"Baba, ko ɗaya bai rage ba?" malamar ta tambaya.

Kunya da takaici suka hana shi kallonta. Ya juya kan Badamasi. "Tir! Allah kaɗai ya san shekarun da ƙasa ta riƙe su lafiya. Ku kwana biyu ya gagare ku!"

Ya isa gida yana huci. Matarsa Kulu ta miƙo masa ruwa, ya kafa kai bai ko leƙa ba. Sai ya ji tsakuwa a haƙori.

"Da ƙyar na samo maka, Malam," ta ce. "Kai da ke wuni a fili, ga hadari ya fara."

Mato ya yi ta kakari yana tofarwa, amma ya riga ya haɗiye.